Sun Auna Nauyinsa, Ba Su Kira Sunansa Ba

Kai da kake karanta wannan, ka taɓa kiran ɗanka sau goma yana gabanka bai waiwayo ba?

Na daɗe ban yi rubutu a nan ba. Ba lafiya ce ta ɓoye ni ba.

Ɗana Ishaya ya shekara biyu bai ce "Baba" ba. Sai ya jera murafen kwalba a ƙofar shagona na gyaran waya a Nasarawa, in ka taɓa ɗaya ya yi ta buga kai da bango.

Matata Rifkatu ba ta taɓa fashin awo ba. Duk zuwa sai ta faɗa wa nas. Nas ta ɗora shi a sikeli, ta ce, "Madam, namiji ne, bakinsu nauyi gare shi. Ga shi ɓulɓul. Mai bi mata!"

Mamata ta ce linzami ne ya riƙe harshen. Aka kira wanzami. Ni na danne masa ƙafafu aka yanka ƙarƙashin harshen da ba abin da ya same shi. Ya yi sati ba ya cin abinci, kuma daga ranar ko cokali ba ya bari ya kusanci bakinsa.

A waya na yi ta karatu, ina lalubar Turanci, har na ci karo da kalmar otizim, lalurar da ke hana yaro magana da mu'amala da mutane. Muka ƙetare gada zuwa asibiti. Gwajin kunne, tambayoyi, layi tun safe. Likita ta ce, "Otizim ɗin ne. Ba ya warkewa kamar zazzaɓi, amma ana koya masa. Ina kuka tsaya tuntuni?"

Ina muka tsaya? A layin awo, likita!

Yanzu mai koyar da magana na ganinsa, zama ɗaya na cinye cinikin sati. Watannin farko duk sun tafi wajen lallashinsa ya yarda a taɓa masa baki. Ran Lahadi ya ja hannun Rifkatu, ya nuna randa, ya ce "uwa". Ruwa yake nufi. Ta zauna a ƙasa tana kuka.

Na gode wa Allah, na gode wa matar nan tawa. Iyaye, in yaro ba ya amsa sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ku kai shi asibiti, kada ku bari a kawo aska.

Ku kuma masu kula da asibitocin awo, da muka tsaya a rana muka zaɓi iyayen gidanku: me zai hana nas ta kira sunan yaro ta ga ko zai juyo? Kada ku kira ni a waya. Ku amsa a nan, inda Rifkatu za ta karanta.