Ranar da Aka Kwantar da Goggo Dije

Duk wadda ta zauna da Goggo Dije ta san ba ta fita da takalmi ɗaya: akwai na ƙafa, akwai na cikin leda. In an tambaye ta sai ta ce, "In wannan ya tsinke fa?" Tun muna ajin yaƙi da jahilci, da furfurarmu muna koyon baƙi, muka sa mata suna In-Ya-Ƙi-Fa.

Kun tuna bikin jikarta a Zango? 'Yan acaɓa biyu ta tsayar. Ta hau ɗaya, ta ce ɗayan ya biyo su.

"Goggo, wa zan ɗauka?"

"Ni mana, in wannan ya yi faci."

To, shekarar da aka tara ƙungiyoyin mata a Daura don koyon tsara aiki, wata Malama Rabi ta raba mu rukuni-rukuni. Aka ba mu karan dawa, kwali da zare, wai mu ɗauka rumfar injin matsar gyaɗa za mu gina kafin kaka. Wasa ne, amma rukunin da ya fara gamawa shi zai tafi da injin gaske. Mu kuwa hannuwanmu sun gaji da murzar ƙuli.

Malama ta ce shugaba ta raba wa kowa aikinta. Goggo ta naɗa kanta shugaba, ta kuma raba: awo nata, sayayya tata, lura da lokaci nata. Ni aka ba ni riƙon zare.

Sai Malama ta fara jefo mana matsala. "Ruwa ya cinye hanya, motar siminti ta maƙale."

"Na tanadi amalanke," in ji Goggo.

"Magini ya gudu."

"Ƙaninsa na nan, tun safe na ba shi koko."

Matan Baure har sun fara harararmu. Malama ta yi murmushi ta ce, "Shugabarku ta kwanta rashin lafiya. Ba magana, ba taɓa kaya."

"Ni? 'Yar nan, tun haihuwar autana ban kwanta da rana ba."

"Goggo, in jikin ya ƙi fa?"

Wannan kam Goggo ba ta yi masa tanadi ba. Aka shimfiɗa mata tabarma. Muka tsaya cirko-cirko, ba wadda ta san inda aka kwana. Na ce, "Ku saurara, ba zan koma gida ba inji ba. Lami, ke da awo. Talatu, rufi." Goggo na kwance tana nishi: "Wayyo cikina... ginshiƙin gabas... wayyo."

"Mara lafiya ba ta awo," in ji Malama.

"Zafin ciwo ne, sambatu nake."

Da ƙyar muka riga matan Baure, rufinmu a karkace. Muka ɗauko inji muna guɗa.

Daga ranar Goggo ta tasa mu gaba. Kowane aikin inji sai da mutum biyu suka iya shi, har ɗaura bel. Ta ce, "In na ƙi tashi fa?" Muka yi ta dariya.

Bana ta ƙi tashi. Bayan sadakar uku muka buɗe rumfa, kowa ta kama aikinta, ba wadda ta tambayi wata. A bayan inji muka tarar da ledarta, da sabon bel a ciki.

Allah ya jiƙan Goggo Dije, ya sa ta tarar da tanadin da ya fi wanda ta bar mana. Amin.