Baƙuwar Da Ta Raba Ni Da Tsinken Tsintsiya

Shekarun baya, lokacin da mutanen Michika da Mubi suke ta kwararowa Yola gudun hijira, wasu a ƙafa wasu a bayan manyan motoci, mahaifiyata ta je kasuwar Jimeta sayen kayan miya, ta dawo mana da mutum. Wata mata ce siririya, Kirista, ƙafafunta a kumbure, ba ta riƙe da komai sai ƙaramar jaka. A bakin tasha ta same ta zaune. Aka shimfiɗa mata katifa a ɗakina, a gidanmu na Makama, na riƙa ce mata Adda, wato yaya da Fulatanci.

Ta yi watanni tare da mu, maganarta ba ta wuce gaisuwa da godiya. Abin da muka sani kawai, a hanya suka rabu da mijinta, kuma wayarsa ba ta shiga. Takan zauna gindin mangwaron tsakar gida har inuwa ta tashi daga kanta ba ta sani ba.

Ni kuwa na gama jami'a ke nan, ina ji da kaina, amma in zan yi dariya sai na rufe baki da mayafi. Kullum dasashina cikin jini yake. Sakacena da tsinken tsintsiya ne, in ban samu ba in ciro fil.

Wata ranar zafi bayan la'asar, ko ganye ba ya motsi, mun sha mangwaro, na karyo tsinke ina ta sukar bakina har na tofar da jini. Sai na ji an ce, "Ƙanwata, yar da abin nan."

Na waiga ina neman mai maganar, ashe Adda ce. Ta shiga ɗaki ta ɗauko jakarta, ta fito da ɗan farin akwati mai zaren sakace a ciki. Nan ta gaya mini a sashen haƙori take aiki a asibitin garinsu. Wai ranar gudu jakar takardunta ta yi niyyar ɗauka, hannunta ya faɗa kan ta aiki. Ta yi 'yar dariya. Ban taɓa jin dariyarta ba sai ranar.

Ta ja zare kamar kamu ɗaya, ta naɗa mini a 'yan yatsun tsakiya, ta ce in riƙe ɗan abin da ya rage da babban yatsa da manuni. Na danna shi da ƙarfi, na saki ƙara.

"Ba sabulu kike yankawa ba," in ji ta. "Zura shi a hankali. Rungume haƙorin da zaren, ki sauka har ƙarƙashin dasashi, ki goga sama da ƙasa. Sannan ki juya kan maƙwabcinsa."

Kowane tsakanin haƙora da sabon wurin zare, har na can ƙurya, sau ɗaya a rana. Ta ce jinin zai ragu cikin kwanaki, amma dattin da ya daskare sai na je asibiti an kankare. Na je. Muryarta a yammacin nan a hankali take fita, kamar ta mai ba da labarin wani gari da ta gani a mafarki.

Daga nan baki ya buɗe. Mahaifiyata ta kawo nata haƙoran, matan unguwa suka fara leƙowa. Adda ta koma mai faɗa, mai tsokana, har tana waƙar coci in tana wanki.

Damina ta kusa faɗuwa aka kira ta: mijinta yana raye, ya tsallaka Kamaru da rauni a ƙafa, yana hanyar gida. Ranar tafiyarta na shirya kalaman ban kwana masu yawa. Ita kuwa ta kama haɓata a gaban mai keke Napep da ya zo ɗaukarta, ta ce in buɗe baki. Ta duba ta sake dubawa, ta ce, "Yanzu ki yi dariyarki." Ta shiga suka tafi.

Har yau in na naɗa zare a yatsu, lokacin nan yakan dawo mini kamar ba a farke na yi shi ba. Mun ba ta abinci da sutura da wurin kwana, duk ba su dawo mana da ita hayyacinta ba. Ba ta dawo ba sai ranar da ta ga akwai mai bukatarta a gidan.