Ƙugiyar Malam Maharazu

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na kowace safiyar aiki, Malam Maharazu Kazaure yakan shiga jirgin ƙasa a Croydon, ya nemi kujerar jikin taga, ya ninke jaridarsa ta Turanci gida huɗu. Labaran shafin farko ba su dame shi ba, domin da ya isa ofis su ne za su cika masa tebur. Shafin baya yake nema, inda ake buga wasan cike gurbi, mai wuyar nan da Turawan kansu da yawa suke tsallakewa. Mai shirya wasan ba ya tambayarka kai tsaye, zaurance yake maka. Ya ɓoye kalma a tsakanin kalmomi biyu, ya birkita baƙaƙen wata, ya aike ka neman sunan wata igiyar jirgin ruwa da aka daina amfani da ita tun zamanin kakansa. Malam yakan zaro fensirin da ya fiƙe da reza, kafin jirgi ya tsaya a Victoria ya cike gurbin ƙarshe. Ya fi shekara ashirin yana haka.

A 1955 ya zo Landan da niyyar yin shekara biyu. Ga shi yau muna 1978, furfura ta gama da kansa, gwiwa tana ƙara in ya hau matakala. Aikinsa buga tafireta ne a sashen Hausa na gidan rediyo. Wasu su fassara, shi ya buga, wasu su karanta a ji muryarsu har Agadas, shi kuwa ko tarinsa ba a taɓa ji ba. Juma'ar da ta wuce ya yi ritaya. Aka sha shayi, aka ba shi agogon bango, mutumin da ba ya iya ganin agogon. Amma wani aikin ne ya sa aka rubuta wannan, wanda ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa biyansa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ƙungiyar 'yan Arewa mazauna Landan ta fara fitar da 'yar takarda ta wata-wata, shafi huɗu, labarin suna da ta'aziyya da ranar taro. Malam ya roƙi shafi na huɗu. Ya ce in Bature zai iya wasa da harshensa haka, to Hausa ba ta gaza ba. Tambayarsa ta farko har yanzu tsofaffin ƙungiya suna tuna ta: "Sun zo daga nesa, launin gawayi, ga su a kan allo, gurbi huɗu." Likitoci da masu digiri suka yi mako guda suna susar kai. Amsar ita ce baƙi, kalma ɗaya mai fuska uku. Daga nan ya shiga tono mana kalmomin da muka baro a ɗakunan kakanninmu: taskira, mazari, zunguru, gafaka, asabari. Mutum yana tsaye a tashar bas cikin ruwan sama, sai kalmar ta faɗo masa, ta taho da ƙamshin ɗakin da ya fara jin ta.

Sai dai tafiretar Ingila ba ta san ƙugiya ba. Ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ. A labarin suna mai karatu yakan gane da kansa, amma a wasan cike gurbi ƙugiya ɗaya ce tsakanin baƙi da baki. Malam ya gwada zana ta a kan sitansil, takardar da inji ke fitar da kwafi daga ita, kafin a buga, tawada ta malale, kowace ƙ ta fito kamar an murƙushe ƙuda. Don haka duk wata, in an buga kwafi ɗari biyu, yakan kwashe su zuwa ɗakinsa, ya shafe Asabar da Lahadi yana bin su ɗaya bayan ɗaya da baƙin biro, yana sa wa kowane baƙi ƙugiyarsa. Mu kuwa muna karɓa muna karantawa, muna zaton haka injin yake fitar da su.

Malam, kai ne ka yi mana wannan, shekara goma sha ɗaya, ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Mu ne ma muka riga ka gajiya.

Domin da kuɗin man fetur suka zo, lokaci ya tafi. Masu zuwa Landan yanzu sayayya ta kawo su, mu da ke nan kuma muka koma 'yan rakiya, daga kanti zuwa filin jirgi. Masu aiko da amsa suka ragu daga arba'in zuwa goma, daga goma zuwa uku. Shugaban ƙungiya, Alhaji Zailani, mutumin kirki ne amma ɗan kasuwa, ya daɗe yana hangen shafin nan don tallan masu aika motoci da firji zuwa gida.

"Malam, mutum uku fa," in ji shi a wani taro. "Saboda mutum uku za mu yi wasting shafi guda?"

"Alhaji, ko mutum ɗaya ne ya yi sallama ai a amsa masa," in ji Malam.

Alhaji ya ji kunya ya canza magana, amma Malam ya san sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ranar da ya tsallake wata guda, shafin ya tafi ke nan. Shi ya sa da likita ya gaya masa a watan Janairu cewa yana da hawan jinin ido, kuma in ba a yi masa aikin tiyata da wuri ba abin da ya tafi ba zai dawo ba, ya ninke takardar asibitin ya sa a aljihu, bai gaya wa kowa ba. Aiki yana nufin wata biyu ko uku ba biro. Ya ce bari ya fitar da na Fabrairu tukuna, sannan na Maris. A jirgi ya ci gaba da ninke jaridarsa gida huɗu, fensir a hannu, amma sai a isa Victoria rabin guraben suna nan fari. A ofis yatsunsa sun san tafireta ba sai da ido ba, don haka ba wanda ya lura. Wauta ce, Malam, kuma mun faɗa maka a gaban idonka. Amma wauta ce irin wadda ba mu da bakin zagi, tunda mu muka sa ka.

Cikin mutum ukun nan akwai Zinatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Azare da ke zaune a Peckham, wadda ba ta taɓa fashin aiko da amsa ba tun da ta zo. A takardar watan Mayu ta cike komai sai tambaya ɗaya: "Miya ta ƙare, saura gaya, a ciki aka ɓoye inda tsohuwa ke rataye ƙaya, gurbi shida." Ɓoyayyiyar kalmar ba ta ba ta wuya ba. Ta ɗauki ƙarshen saura ta haɗa da gaya, ga ragaya, igiyar nan da ake rataye ƙore a ɗaki. To amma wace tsohuwa ce take rataye ƙaya a ragaya? Kaya ake ratayewa. Da wani ne ya shirya, da ta ce kuskure ne ta wuce. Amma Malam Maharazu ba ya kuskuren ƙugiya, saboda haka ta ɗauka wani sabon tarko ne. Mako biyu tana yawo da takardar a aljihun rigar aiki. Har wasiƙa ta rubuta wa gwaggonta tana tambaya ko akwai wata al'adar rataye ƙaya da ba ta sani ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Regent's Park, ta roƙi mutum biyu su nuna mata nasu kwafin. A na farko kaya ba ƙugiya, amma ƙare ma ba ta da ita. A na biyu ƙugiyar tana nan, sai dai a sarari take rataye, tsakanin layi da layi, ba baƙin da ta hau. Zinatu ta ce a nan ta gane ba tarko ba ne. Ta sami Malam a bakin ƙofa yana laluben takalminsa da ƙafa.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yar Azare. Ragaya ce ta kayar da ke?"

"Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

Ta ɗaga su ta gefen hagunsa. Ya yi murmushi, ya ce ita da ta zo gaisuwa me ya kawo jarrabawa. Ba ta yi dariya ba. Sai ya zaro takardar asibitin daga aljihu, ta yi laushi don ninki.

"Innalillahi. Baba, appointment ɗin nan na Fabrairu ne! Sau nawa aka yi maka booking?"

"Uku. Ni na ce a yi cancel." Ya sunkuyar da kai. "In na kwanta, Zinatu, wa zai sa ƙugiyar?"

Ta ce ba ta san lokacin da hawaye ya zubo mata ba, don haushi da tausayi. Litinin da safe ita ta kai shi asibiti da kanta. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama an ceto abin da ya saura, ya isa ya gane fuska in an matso, bai isa karatu ba. Jaridar Turanci ta safe kuwa ya daina saya.

Takardar Yuni ta fito da shafinta na huɗu, haka ta Yuli. Malam yana zaune yana faɗar tambayoyin daga ka, Zinatu tana rubutawa, in ta yi gardama ya ce mata yarinya ce. Alhaji Zailani da ya ji labari ya bar maganar talla, har ya zo da kansa wata Asabar ya sa ƙugiya a kwafi goma sha biyu, ya ce wuyansa ya riƙe, ya tafi. Ba a zarge shi ba. Duk wanda ya gwada ya san abin da tsohon nan yake yi shi kaɗai.

Na Kazaure, mun gode. Mun makara, amma mun gode. Ka riƙe mana harshe a garin da ba a jin sa, ka biya da abin da ba ma iya mayar maka. Allah Ya saka da alheri, Ya bar maka hasken da ya rage, Ya sa ka ga gida da shi.

Ku kuma jama'a, yabo ba ya sa ƙugiya. Asabar ta farkon kowane wata ana haɗuwa a flat ɗin Zinatu bayan azahar, kwafi ɗari biyu ne, watan jiya mutum huɗu suka zo. Kowa ya taho da baƙin bironsa. Malam yana nan a kujerar kusa da hita, duk kwafin da aka gama shi ake miƙa wa, ya juya bayan takardar ya bi ta a hankali. Ya ce a gaya muku ku riƙa danna biron sosai, domin da yatsa yake dubawa yanzu.