Ruwan Rijiyarmu a Jarkar Ustaza

Shekara goma sha ɗaya ina wanke kwalabe a ɗakin gwaji na makarantar 'yan mata kusa da Wad Haddad, ba wanda ya taɓa gaya mini abin da ke cikinsu. Farrasha ce ni, mai shara da wanki. An ɗauka hannu gare ni, ba kai. Ku sababbin ma'aikata, ku saurara.

Wata Talata ce, lokacin tsinkar auduga, har yau ba ta fita raina ba. Muna da sabuwar malamar kimiyya, Ustaza Nafisa, ɗiyar ƙauyenmu, ni na goya ta tana jinjira. Ba a tabbatar da ita a aiki ba tukuna, sai muwajjih, wato mai duba malamai, ya zauna ajinta ya rubuta ta iya ko ba ta iya ba. Ranar ce kuwa zai zo.

Da safe na ga wata jarka a ɗakin gwajin, ruwa ya yi wata biyu a ciki. A gidan uwata ruwa ba ya kwana uku. Na zubar, na ciko ta daga rijiyarmu, ina jin na yi abin kirki.

Gwajin batir ne da waya da ƙaramin ƙwan fitila. Nafisa ta haɗa da tagulla, ƙwai ya kama. Ta ce ƙwayoyin lantarkin da ke cikin ƙarfe na kowa ne, kamar ruwan tulun bakin hanya, yawo suke yi, shi ya sa wuta ke bi. Ta tsoma wayoyin cikin busasshen gishiri, shiru. Shi gishiri, in ji ta, sinadarai biyu ne, ɗaya ya bayar da ƙwayar lantarki ɗaya ya karɓa, suka riƙe juna gam, ba mai motsi sai ruwa ya raba su.

Ta zubo ruwa daga jarkar nan, ta ce, "Ga tataccen ruwa, ba komai cikinsa. Ba zai kama ba sai na zuba gishiri."

Ta tsoma. Ƙwai ya kama.

Yara suka kwashe da dariya. Muwajjih ya zaro alƙalami.

Na jingine tsintsiya. "Ya Ustaz, ajiye alƙalamin nan. Ni na zubar da ruwanta na zuba na rijiya. In rubutu za ka yi, rubuta sunana, Hauwa."

Ya ce, "Hajja, ai an rubuta a jikin jarkar."

"An rubuta wa masu karatu."

Nafisa ta zo ta riƙe hannuna. "Inna, ruwan rijiyarmu yaya yake a baki?"

"Kanwa-kanwa mana, kamar ba shi kika sha kika girma ba."

Ta juya wurin yara. "To, me ya kunna ƙwan?"

Hannuwa suka tashi ko'ina. Muwajjih da kansa ya ɗanɗana ruwan, ya yamutsa fuska, ya sa mata hannu.

Da aka tashi ina wanki, ta tsaya tana gaya mini akwai ƙarafan da in an sanyaya su ƙwarai, wuta kan bi su ba abin da ke tare ta. Na ce, "A zafin yankinmu na Jazira? Sai dai a Aljanna, ɗiyata." Ta yi dariya, sai kuka ya biyo. Na share mata da bakin mayafina.

Ranar na gane mai wanke kwalba ma tana cikin gwajin, kuma ba alheri ba ne a bar ta cikin duhu.

Washegari, kafin in taɓa tsintsiya, na je ajin yaƙi da jahilci na sa aka rubuta sunana. Shekarata arba'in da shida. Da jarkar na tafi. Na ajiye ta gaban malamin, na nuna rubutun jikinta, na ce da wannan za mu fara.