Neman Ƙawar Bencin Kaka

Rediyo ce ta jawo mini wannan aikin. Muna tsintar shinkafa ni da Kaka a tsakar gida, sai aka sako shiri kan wasu mutane a Turai da ke bin tsofaffin rajistocin makaranta, suna neman ƙarshen yaran Yahudawa da aka killace a unguwanni lokacin yaƙin duniya. Suna bayan suna, yawanci kashe su aka yi. Can Kaka ta ture faifai ta ce, "To ni tawa fa? Wa zai bi mini sawunta?"

Tata ita ce ƙawar da suka zauna benci ɗaya a firamaren ƙauyensu, kafin ruwa ya ci garin kowa ya kama gabansa. Tun daga nan ba ta sake jin ɗuriyarta ba, ga ido ya fara yi mata hazo. So take ta gan ta tun tana gani.

Ni kuwa ban iya jira ba. Washegari na tare adaidaita sai ofishin ilimi. Dattijon da ke riƙe da makullin ɗakin takardu ya ce in dawo mako mai zuwa. Na ce, "Baba, kafin nan ai gara ta gama cinye sauran." Ya yi dariya ya buɗe. Na sha ƙura, na yi atishawa har ɗankwalina ya zame, amma na samu: sunan Kaka, ƙarƙashinsa na ƙawar, har da sunan mahaifinta wanda Kaka ta manta. Na yi tsalle a gaban dattijo, ya kawar da kai.

Da sunan uban na yi ta tambaya a tasha, har wani direba ya ce zuriyarsa na Kaugama. Na isa gidan ina ta washe baki, aka ce mini ai mai wannan sunan ta daɗe da rasuwa. Na zauna gaban ƙanwarta, wata tsohuwa mai ɓarar gyaɗa, na yi ta'aziyya har da hawaye. Na ce, "Iya, ƙawar bencin kakata ce."

Ta dakata. "Benci? Yayata ko ƙofar aji ba ta taɓa gani ba! Ranar da masu ɗaukar yara makaranta suka zo, a rumbu Baba ya cusa ta, ya tura yarinyar da Innarmu ke riƙo ta amsa sunanta. Haka ake yi a lokacin, 'yar nan. Gida ya ba da yaro ɗaya, ba mai duba na wane ne."

"To ita wadda aka tura ɗin?"

"Tana Guri tana bandar kifi. Bakinta ya fi naki."

Allah Ya yafe mini, a gidan da na yi ta'aziyya na fashe da dariya, hawayen bai ma bushe ba. Tsohuwar ta taya ni.

Ban bari Kaka ta tsaya zaɓen zani ba, na tasa ta gaba muka shiga mota. Hanya ruwa dama da hagu, ciyawar kachala ta fi mutum tsayi, Kaka na ta ce wa direba ya ƙara wuta. A Guri hayaƙi ne ya kai mu gidan. Muka tarar da wata 'yar ƙaramar tsohuwa ta ba mu baya tana juya tarwaɗa a kan ragar waya.

Kaka ta ƙi yin sallama. Ta gyara murya, ta kira sunan nan na aro da ƙarfi, yadda malaminsu ke kira da safe.

Tsohuwar ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Firazan sa!" Sannan kifin ya faɗi daga hannunta.

Kaka ta kamo fuskarta ta matso da ita dab da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Ke, wa ya tsofar da ke haka?"

"Hayaƙi. Ke kuma mene ne hujjarki?"