Takardun da Na Kasa Ƙonawa

Ni mutumin Gecheme ne. Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya yanzu, kuma wanda ya sani ya sani. Ubana manomi ne, ba shi da komai sai gona da jaki ɗaya, amma ban taɓa jin an ce ya ɗauki abin wani ba. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Allo na ɗan taɓa, daidai in karanta ajami da ƙyar, in rubuta shi a karkace. Wannan ɗan karatun shi ne duk abin da na mallaka, kuma da shi na yi sata. Ku samari, ku saurara, ba zan ƙawata muku komai ba.

Shekarar da fara ta cinye gonakinmu na zo Dogon Dutsi neman abin yi. Na samu aikin loda kaya a babbar mota, kamiyon wani ɗan kasuwa mai zuwa Yamai sau biyu a wata. Mutanenmu da yawa suna can, wasu Nasara ya kai su aikin tilas, wasu da ƙafarsu suka tafi. Gidan waya na ma'aikata ne. Talaka in yana da saƙo sai ya nemi mai tafiya. Da aka ji ina karatu, sai na zama mai saƙo. A ba ni takarda da ƙunshi a can, in kawo nan, in karanta wa mai ita, ya faɗa mini amsa in rubuta in mayar.

Cikin masu ba ni saƙo akwai Tankari, magini ne a Yamai. Matarsa Kuluwa ta zauna a Dogon Dutsi saboda uwarsa makauniya ce, ba mai duba ta. Tankari ba ya karatu, wani malami ke rubuta masa a can. Kuluwa kuwa ba ta yarda a kai wasiƙar mijinta wurin liman ba, don liman kawun Tankari ne, kunyarsa take ji. Ni baƙo ne, sai ta ce ni zan riƙa karantawa. Muna yi a ƙofar gida, gindin aduwa, ita a bayan zana, ni a waje.

Da sukari na fara. Kamiyo ya lalace a Doso, muka kwana biyu, yunwa ta kama ni. Dama Tankari ya ba ni sukari ƙulli biyu da sabulu in kai wa Kuluwa. Na ba mai tuwo ƙulli ɗaya, na ci na ƙoshi. Da na zo karatu na tarar an rubuta biyu, sai na tsallake wurin. Kuluwa ta ce, "Mi ya ce kuma?" Na ce, "Shi ke nan." Ta kawo mini fura, ta yi godiya. Ranar na gane cewa abin da ke cikin takarda, abin da bakina ya faɗa ne kawai.

Daga sukari sai sabulu, daga sabulu sai zane. Ba su kaɗai ba, duk wanda na san ba ya karatu na taɓa saƙonsa. Wata rana Kuluwa ta ce mini tana tara takardun a cikin kwandonta, in mai gida ya dawo a sake karanta musu su duka. Na ga in dai takarda tana hannunta, wata rana wani zai karanta inda na tsallake. Sai na daina kawo mata takarda gaba ɗaya. In na sauka ta aiko a tambaya, in ce bai ba ni komai ba.

Ita ba ta daina ba. Duk tafiya sai ta zaunar da ni in rubuta. In fara da Bismillahi kamar yadda kowa ke yi, ta faɗa ina rubutawa, in naɗe in sa aljihu. Ba na kaiwa, don ƙorafin rashin saƙo ne a ciki. A Yamai in ce wa Tankari tana gaishe shi, ta gode. Ya ce, "Ba takarda?" In ce ba ta ba ni ba. Sai ya sake miƙo mini wata da ƙunshi.

Takardu suka taru mini, nasa da nata. Wata rana da tsakar rana mun tsaya hanya ana dafa abinci, na fito da su zan jefa a wuta. Idona ya faɗa kan Bismillahi. Tun muna yara ake ce mana takarda mai sunan Allah ba a taka ta, ba a ƙona ta, in ka tsince ta a ƙasa ka soke ta a jikin bango. Hannuna ya ƙi. Na mayar da su, na zuba a tsohuwar gafakata, na rataye a jinkar ɗakin da nake kwana.

Mafi munin abin da na yi ba zanen ba ne. Kuluwa ta tambaye ni daga bayan zana, murya ƙasa-ƙasa don kada tsohuwa ta ji, "Ɗan Gecheme, don Allah, ya manta da mu ne?" Na ce mata, "Yamai gari ne mai riƙe mutum."

Da abin ya haura shekara, yayyenta suka zo daga Tibiri suka kai magana gaban alƙali, a raba auren, tun da ba ci, ba sutura, ba labari. Alƙali ya ce sai ya ji daga bakin mijin. Ya aika masa ta hannun wani gardi, ɗan sandan Nasara, mai zuwa Yamai, ba ta hannuna ba. Tankari ya zo. Ya ce bai taɓa fashin aike ba, ita ce ta daina amsawa. Ta ce ita ce mai aikawa, shi ya yi shiru. Duk su biyu suka ambace ni. Da aka kawo ni na ce ƙarya suke, kowa yana son ya rufe laifinsa da ni. Aka tura gardi ɗakina. Ba zane, ba sabulu, duk na sayar. Har ya juya zai fita sai ya hango gafaka, ya sauko da ita yana zaton layu ne.

Malamin alƙali ya buɗe ɗaya ya fara karantawa. Kuluwa ta rufe fuska da mayafi, alƙali ya ce a tsaya, ya isa. Ya dube ni ya ce, "Ka sha sukari, ka sayar da zane. Mi ya hana ka ƙone waɗannan?" Na ce, "Allah gafarta malam, da sunan Allah a kansu." Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Ka ji tsoron sunansa a takarda, ba ka ji tsoronsa a kan bayinsa ba." Ya miƙa wa Kuluwa takardun. Yayyenta suka janye magana. Ni aka kai ni gaban kwamanda, Nasaran da ke mulkin garin, ya yanke mini shekara biyu a kaso, wato gidan yari.

Ba zan daɗe a kan kaso ba. Fasa dutse ne a kan hanya, da ɗaukar ruwa zuwa garkar kwamanda, da kwarkwata. Ubana ya zo sau ɗaya, ya tsaya ya dube ni, ya koma. Ina ciki na ji uwar Tankari ta rasu. Ta samu ɗanta ya dawo, amma shekara guda ta yi tana cewa ya yar da ita. Wannan ba ni da abin biyansa.

Da aka sake ni na tafi gidan Tankari neman gafara, don ya bar Yamai yana gini a gida. Na durƙusa gindin aduwar nan. Bai amsa sallamata da kyau ba. Sai Kuluwa ta turo kwandon takardun ta ƙarƙashin zana. Ta ce shekara biyu ba wanda ya karanta mata su, ba ta son wani kunne ya ji, ni kuwa na riga na sani. Tankari ya ce, "Ni na faɗa aka rubuta. Ka tsallake ko kalma ɗaya, zan gane."

Na karanta tun hantsi har la'asar. A wata ya ce ya gina wa Nasara ɗaki mai taga huɗu, amma hankalinsa na kan ɗakinsu mai yoyo. A wata ya ce furar Yamai ruwa ce, tun da ya bar gida bai sha fura ba. Kuluwa ta yi dariya, ta ce, "Ashe bakinsa a takarda yake." Na karanta nata, rubutun hannuna, inda ta ce, "In laifi na yi, ka faɗa mini, kada ka yi shiru." Tankari ya sunkuyar da kai. A tasa ta ƙarshe na tsaya kafin in kai ƙasa. Ya ce, "Akwai saura." Na ƙarasa: "Mai kawo miki wannan mutumin kirki ne, ki riƙa ba shi abin sha."

Can sai ga ƙwaryar fura ta fito ta ƙarƙashin zana. Tankari ya ce, "Sha. Na yafe. Amma ko allura ba zan sake ba ka ka kai wa wani ba." Na ce ya yi gaskiya.

Na koma Gecheme na kama gonar ubana, Allah ya rufa mini asiri. Su kuwa suna nan tare, har sun aurar da 'ya. Sai da aka yi shekaru kafin wani ya sake miƙo mini takarda. Yanzu in na karanta wa mutum, nakan ce ya kai wa wani ma ya ji ko mun yi daidai.

Ku samari masu lakwal, kun fi ni karatu nesa ba kusa ba, kuma iyayenku da bakinku suke ji. Ni ƙulli ɗaya na sukari ya kai ni kaso, saura kaɗan ya kashe auren mutane. In an ba ku saƙo, ku kai shi yadda yake. In an ba ku takarda, ku karanta ta har ƙasa.