Mutumin da Ya Gaji Matarsa

Kenga ya fara mutuwa ne a shekarar da ya bar aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Mombasa, kuma matarsa Kadzo ce ta kashe shi. Tun daga nan bai daina ba. Duk ranar da babban jirgin masu yawon shaƙatawa ya tsaya, sai Kenga ya mutu kafin azahar, wani lokaci ya maimaita, sannan ya tashi ya ci soyayyen rogo da barkono.

Ba wani shahararre ba ne. Daga ƙauyensu na bayan Kaloleni ya zo yana saurayi, da wando ɗaya a jiki da allon bao, wato dara, na baffansa a hammata. Ya yi ta ɗaukar buhunan gahawa da na siminti har bayansa ya lanƙwashe. Ya koyi Turancin bakin jirgi, wanda rabinsa ashar ne. Ya auri Kadzo, suka haifi Riziki da ƙannenta. Da manyan injuna suka ƙwace ɗaukar kaya, aka sallame shi da godiya da ciwon ƙugu.

Kadzo ba ta zauna jiran godiya ta dahu a tukunya ba. Ta kafa tebur a kasuwar tsofaffin kaya da ke wajen ƙofar tasha, inda motoci ke sauke mutanen jirgi su yi ɗan lokaci suna tattaɓa abubuwa kafin a sake kwashe su. Tana sayar da fitilun ƙwai, da dutsen guga na gawayi, da butocin gahawa na tagulla, da kwaɗuna marasa makulli, da duk tarkacen da matan tsohon gari suka gaji da gani a ɗakunansu. Ba ta daɗe ba ta gane cewa fitila tsurarta ba ta motsi a tebur, amma fitilar mamaci tafiya take yi da ƙafarta. Ta fara da kakarta. Kaka ba ta jan kasuwa sosai, don kowa ya san kakanni mutuwa suke yi. Sai ta gwada mijinta.

Irin mutuwar ta danganta da irin kayan. In fitila ce, Kenga masunci ne, teku ta cinye shi, fitilar kaɗai ta dawo. In dutsen guga ne, tela ne, tari ya ɗauke shi. Ranar da ta samu hular kwano, ƙugiyar jirgi ce ta faɗo masa a ka, ga ma lotsawar nan. In wani baƙo mai yawan tambaya ya nuna tsohon da ke zaune a bayan tebur, sai ta sassauta murya ta ce, "Ƙanin marigayi ne."

Kenga bai damu ba. Mutuwar tana kawo shinkafa da kifi gida, kuma ba ta hana shi abin da ya fi so. A bayan layin teburan akwai bishiyar dalbejiya, a nan tsofaffin kasuwar ke buga bao, darar mutanen bakin teku. Allo ɗaya ne a wurin, na Kenga, katako baƙi mai nauyi, ramukansa sun yi sumul saboda yatsu, gefensa ya tsage an ɗaure da ƙusar tagulla. Mai allo shi ke jingina da gindin bishiya, shi ke faɗin wanda zai shiga da wanda zai jira, shi ake fara zuba wa gahawa. Gaskiyar magana Kenga bai iya wasan ba. Bwanaheri, tsohon matuƙin jirgin fito, yakan cinye shi yana hamma. Amma ba mai korar mai allo. A gida tukunya ta Kadzo ce, gado nata ne, maganar ƙarshe tata ce. Ba don allon nan ba, Kenga mijin Kadzo ne kawai, kuma mijin Kadzo ya mutu.

Kasuwar tana da doka guda da ba a wasa da ita. Ranar jirgi ba mai ƙaryata ɗan'uwansa a gaban baƙo. Ko maƙwabciyarki ta rantse cewa cokalin nan na sarauniya ne, ki gyaɗa kai. Wanda ya karya, a mayar da teburin gidansu can ƙarshen layi kusa da banɗaki, inda mutanen jirgi ba sa kaiwa sai in ciki ya matsa musu.

Ranar da abin ya faru, jirgin da ya tsaya fari ne, ya fi kowane bene na gari tsawo. Da hantsi yayyafi ya sauko, tsofaffi suka watse daga gindin bishiya. Kenga ya kwashe 'ya'yan bao a aljihu, ya ɗora allon a gefen teburin Kadzo inda rumfa ta rufe, ya tafi fitsari. Fitsarin tsoho ba ya sauri. Kafin ya dawo yayyafi ya ɗauke, motoci sun sauke baƙi, ga wata doguwar Baturiya mai faffaɗar hula, rana ta gasa ta ta yi ja kamar jatan lande, tana shafa ramukan allonsa da yatsa. Mijinta na tsaye a baya da jakunkuna, da ganinsa shi ma ya daɗe da mutuwa.

Kadzo kuwa ta riga ta yi nisa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana cewa da Turancinta na kasuwa, "Da hannunsa ya sassaƙa shi, madam. A kansa ya yi wasa ranar da zai shiga teku. Ba na iya kallonsa, zuciyata ba ta ɗauka."

Wannan maganar ta ƙarshe gaskiya ce. Ta daɗe ba ta son ganin allon.

Kenga ya matso yana murmushi saboda baƙuwa, ya ce da yarensu, "Mama Riziki, allona ne fa."

Ita ma ta yi murmushi ta ce, "Matattu ba sa magana, Baba Riziki. Koma ka zauna."

"Ki sayar mata da buta."

"Buta ba ta so. Ka ga jakar da ke hannunta? Rufin ɗakinmu da ke zuba yana cikinta."

"Na baffana ne!"

"Baffanka ya fi ka hankali, shi da ya mutu bai dawo yana damun mutane ba. Kafinta zai yi maka sabo, in jiƙa maka shi a ruwan shayi ya tsufa."

Baturiya ta dube su ta tambayi wane ne wannan. Kadzo ta ce, kamar kullum, ƙanin marigayi ne. Baturiya ta kama hannunsa ta yi masa gaisuwa, ta ce lallai yayansa mutumin kirki ne. Kenga ya ce haka ne, ba a taɓa yin kamarsa ba.

Duk layin ya zuba musu ido. Mai sayar da tsofaffin kwabbai ya daina kaɗa ƙuda. Bwanaheri ya raɓo ya tsaya a bayan Kenga yana raɗa masa, "Dattijo, in ka buɗe baki ka ce kai ne mijin, wallahi ƙarshen layi za ku koma. Matarka kuma za ta kashe ka da gaske."

"In na yi shiru fa?"

"Sai mu haƙa ramuka a ƙasa mu yi wasa kamar yara. Kai kuma ka zo ka yi kallo."

Baturiya ta zuge jaka. Kadzo ta jawo tsohuwar jarida za ta naɗe allon. Kenga ya ga gindin bishiya yana suɓuce masa, ya ga kansa a tsaye cikin rana yana jiran wani ya ce masa zo. Sai ya miƙa hannu ya danne allon da tafinsa, wanda ya shekara yana ɗaga buhu. Ya murtuƙe fuska, ya tono Turancin bakin jirgi, ya cire ashar ɗin iyakar ƙoƙarinsa.

"Ba na sayarwa ba ne. Yayana ya mutu. A wurinmu in mutum ya mutu, ƙaninsa ke gadonsa. Allon nan nawa ne."

Baturiya ta ce ai matarsa ce ya kamata ta gada.

Kenga ya ji magana tana yi masa daɗi a baki, abin da ya daɗe bai ji ba. Ya ce, "Ita ma tawa ce. Allo nawa, tebur nawa, mata tawa. Duk na gada." Ya juya ga Kadzo ya daka mata tsawa da yarensu, da muryar da bai taɓa gwadawa a gida ba, "Ke kuma rufe baki ki yi kuka!"

Kadzo ta tura mayafi a baki ta cije. Kafaɗunta suka fara rawa, hawaye na zuba. Dariya ce ke neman kashe ta, amma daga waje ba a bambancewa.

Baturiya ta ƙara yin ja, abin da ba wanda ya zaci zai yiwu. Ta tambayi Kadzo ko gaskiya ne, wannan mutumin yana kwana a gidanta? Kadzo ta gyaɗa kai. Yana cin abincinta? Ta sake gyaɗawa, ta samu ta ce, "Ba ya aikin komai, madam. Ci da wasa kawai." A nan ma ba ta yi ƙarya ba.

Lemar da ke hannun Baturiya ta sauka a kafaɗar Kenga. Bai saki allon ba. Ta sake sauka a kunnensa. Baturiyar ta ɗaga murya ta kira matan jirginsu, suka taho daga teburan da ke kusa da nesa, da gajerun wanduna da ƙafafu kamar ɓararren rogo, suka kewaye shi. Aka zage shi da harsunan da ko a tasha bai taɓa ji ba. Wata ta ɗauki hotonsa don duniya ta ga fuskar mugu. Wata ta rungume Kadzo tana kuka na gaske. Kenga ya ɗauke allonsa ya manna a ƙirji, ya tsaya ƙiƙam yana zare ido, kunnensa na zafi.

Tunda ba su iya ƙwace allon ba, sai suka huce a kan teburin. Suka saye fitilu, suka saye butoci, suka saye kwaɗunan da ba sa buɗuwa, har kwanon da Kadzo ke cin abinci a ciki. Kowacce sai ta dunƙula kuɗin ta cusa mata a hannu a ɓoye, tana hararar Kenga, tana cewa kada ta bari ya gani. Da direba ya yi hon, aka ja doguwar Baturiyar zuwa mota tana waiwaye. Mijinta ya ɗan tsaya a baya, ya dubi Kenga daga sama har ƙasa, ya gyaɗa masa kai sau ɗaya da alamar girmamawa, ya bi ta da jakunkuna.

Mota na tashi kasuwa ta fashe da dariya. Wani mai hassada ya ce ai Kenga ya karya doka, ya ɓata ciniki a gaban baƙo. Shugabar kasuwa ta share hawayen dariya ta ce, "Me ya ƙaryata? An ce mijin ya mutu, ya ce ya mutu. An ce shi ƙani ne, ya ce shi ƙani ne. Ƙari kawai ya yi. Tebur na nan inda yake."

Kenga ya zaci magana ta ƙare. Ya koma gindin bishiya ya jingina, aka zuba masa gahawa, Bwanaheri na kiransa magaji. Amma Kadzo ta tsaya tana kallon teburinta da ya zama fayau, irin kallon da take yi wa kifi mai araha.

Da jirgi na gaba ya zo, Kenga ya tarar ta ajiye masa kujera a gaban tebur, ba a baya ba. Ta saya masa baƙin tabarau da sanda mai kan ƙarfe.

"Zauna nan ka ɓata rai."

"Mama Riziki, kunnena bai warke ba."

"Ka juya musu ɗayan. Allon ka riƙe, ba zan taɓa shi ba, na yi alkawari. Amma duk ranar jirgi kai mugu ne, daga safe har su tafi."

Haka ya zama aikinsa na tsufa. Yana zama da allo a cinya, hannu biyu a kai, ana zaginsa. Ko banɗaki zai je, da shi yake shiga. Ya ƙware har ya fara ƙara nasa: yakan ƙwace ayaba daga hannun Kadzo ya cinye a gaban baƙi, yakan buga sanda a ƙasa ya ce a kawo masa ruwa. Tana kawowa har da rusunawa, tana faɗa masa da yarensu abin da zai same shi in sun koma gida.

Ciniki ya buɗe har maƙwabta suka fara ƙyashi. Wata rana Nyevu mai sayar da tsofaffin zannuwa, wadda mijinta ya mutu da gaske amma ba ta iya faɗa da daɗi ba, ta zo ta durƙusa gefen Kadzo.

"Yaya, don Allah ki ara min shi ranar jirgin Laraba. Ya zo ya gaje ni ko na rabin yini ne."

Kenga ya sauke tabarau ya gyara zama, da alama bai ƙi ba.

Kadzo ta dube shi har ya mayar da tabaran. Sannan ta ce wa Nyevu, "Je ki nemo naki. Wannan da ƙyar na kashe shi, da ƙyar kuma na samu ya yi amfani."